Kafin hadari ya haɗo: nasiha ga mai sayen takalmin ruwa da rigar sanyi

'Ya'yana samarin Matazu, yau da ku nake, musamman waɗanda rana take fito musu a gona, ko a bayan shanu, ko a kan babur. Ma'aikacin ofis idan ya sayi riga ba ta yi kyau ba, ado kawai ya rasa. Ku kuwa idan takalmi ya tsage muku a tsakiyar fadama, ko rigar ruwa ta yi yoyo ana cikin marka, jikinku ne zai biya. Ina ganin yadda da yawanku kuke dawowa daga kasuwa da murna, kafin mako biyu kuna ƙorafin an cuce ku. Wani lokaci an cuce kun da gaske. Sau da yawa kuma gaggawa ce ta cuce ku.

Kowa ya san ruwa yana zama a wajenmu cikin Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Amma sai hadari ya haɗo sannan za ka ga yaro ya ruga rumfar mai kaya yana neman rigar ruwa. Mai rumfa ya ga ƙafarka da taɓo, ya san ba za ka tafi ba, to wane tayi kuma za ka yi? Na san uzurinku, a bazara kuɗin taki da na iri sun cinye aljihu. Shi ya sa nake cewa ku yi sayayyar nan da kaka. Ran da ka kai masara ko waken suya kasuwa ka karɓi kuɗinka, ware na rigar sanyi kafin hunturu ya buso, ka haɗa da na takalmin ruwa ko da damina tana da nisa. In ka ajiye shi a inuwa, nesa da rana da fetur da kananzir, zai jira ka.

Takalmin nan mai dogon wuya shi ya fi damuna. Wasunku suna ganin na masu tsoron taɓo ne. Ba don taɓo kawai ake sa shi ba. Mafi yawan saran maciji a ƙafa yake, kuma lokacin noma da lokacin girbi ya fi yawa, sa'ad da kasa da gobe-da-nisa suke kwance a ƙarƙashin ciyawa da tarin kara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a shekarar 2017, saboda talakan karkara yake kashewa. Asibitin da ya yi suna a kan wannan jinya a Arewa yana can Kaltungo ta Jihar Gombe, tafiyar yini guda daga nan, kuma kuɗin allurar dafin ya ninka kuɗin takalmi sau da yawa. Saboda haka kada ka saye shi da ido. Ɗauke shi ka lanƙwasa daidai inda yatsu suke lanƙwashewa idan ana tafiya. In wurin ya yi fari, ko ka ga ƙananan tsaga kamar zanen allura, robar ta bushe, ajiye musu abinsu. Tura hannunka ciki har ƙarshe ka shafa inda tafin ya haɗu da jiki, nan ruwa yake fara shiga. Sannan ka sa shi ƙafa biyu, da safa, ka taka har bakin rumfa ka dawo. Kada lambar da aka buga a ƙasa ta ruɗe ka, 42 na wannan kamfani ba lallai ya zama 42 na wancan ba. Ka bar ɗan sarari a gaba, domin ƙafar da ta wuni a gona kumbura take yi. Kullum da safe kuma ka kife shi ka kakkaɓe kafin ka zura ƙafa, kunama tana son ɗumin ciki.

Rigar ruwa ba ta da wahalar dubawa. Buɗe ta ka ɗaga ta saitin rana, duk inda huda take haske zai tona ta. Juya cikinta ka bi ɗinkin kafaɗa da na hammata, mai kyau za ka tarar an liƙe ɗinkin da wani siririn ƙyalle na roba. Ja zif sama da ƙasa sau uku. Mai feshi kuma ya sani, maganin ciyawa da na ƙwari ta fata ma suna shiga jiki. Wanda zai goya injin feshi ya nemi safar hannu ta roba da takunkumi, ya ware kayan feshi daban, kada a wanke su tare da na yara.

Mu koma kan gwanjo, tunda can yawancinmu muke samun rigar sanyi. Wanda ya taɓa shiga Ƙofar Wambai a Kano ya ga yadda ake fasa dila, masu ƙarfi su yi zaɓin farko, saura ya gangaro kasuwannin ƙauye. Kayan nan daga Turai da Amurka da Asiya suke, da yawansu ta Kwatano da Nijar suke biyowa kafin su iso mu. Shi ya sa duk abin da ya taɓa kan iyaka sai mun ji shi a jikinmu. An rufe iyakoki a Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A tsakiyar 2023 ɗin kuma aka cire tallafin fetur, naira ta faɗi, kuɗin mota da na dila suka haura tare. Na kawo wannan ne don kada ka ji kuɗin riga ka zagi mai rumfa. Shi ma saye ya yi. Ka taya da mutunci, in ya ce albarka ka ƙara abin da za ka iya, in bai sallama ba ka yi masa fatan ciniki ka wuce. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, a ce ƙasar auduga irin ta Funtuwa da Malumfashi, inda aka kafa masaƙa tun 1978, yau 'ya'yanta suna rububin abin da wasu suka tuɓe. Amma tunda a haka muke, a zaɓa da hankali. Tambarin The North Face ko Adidas a ƙirji ba shaida ba ce, ana buga na jabu. Duba ɗinki da nauyin yadi. Wata rigar kuma don ƙasar ƙanƙara aka yi ta, in ka sa ta da hantsi gumi zai jiƙa ka, iska ta bugo ka kwana da mura. Ɗan acaɓa mai fita da asuba a hanyar Musawa ya fi bukatar wadda iska ba ta ratsawa, mai rufe wuya da ƙirji. Kowace ka saya, a wanke ta da ruwan zafi, ta sha rana kafin ta hau jikinka.

Abu ɗaya nake roƙonku da babbar murya. A cikin dila akan sami riga ko wando ko hula mai dabbare-dabbare irin kakin soja, mai kauri, mai aljihu da yawa, ga araha. Kada ku saya, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa. Doka ba ta yarda farar hula ya sa kayan soja ba, kuma kun san halin da yankinmu yake ciki. Ɓarayin daji suna shigar irin wannan kaya, ga jami'an tsaro da 'yan sa-kai da dakarun tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Oktoban 2023 suna sintiri. Wanda ya hango ka daga nesa da magariba, kana fitowa daga gona, ba fuskarka zai fara gani ba.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka faɗi sharaɗinka a fili, gaban maƙwabcin rumfa: in na je gida na ga aibi zan dawo da shi gobe. Malamanmu na fiƙihu sun bayyana cewa mai saye yana da damar mayar da kaya idan aka ɓoye masa aibinsu, dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba da wannan dama. Sai dai ka riƙe naka ɓangaren, kada ka kai takalmi gona kwana uku sannan ka wanke ka ce bai yi maka ba. Masu tura kuɗi saboda hoton da suka gani a Facebook ko WhatsApp kuwa, cinikin biri a sama suke yi. In ba ka san mutumin ba, bari kaya su iso hannunka tukuna.

Ku kuma ƙannena masu rumfa, kun san hadisin da ya zo a Sahihu Muslim, na mai sayar da abincin da ruwan sama ya jiƙa ya tura jiƙaƙƙen ƙasa, da yadda Manzon Allah (SAW) ya tsawatar masa. Yaron da ya tsaya gabanka da kuɗin buhun masararsa, da wannan takalmin zai shiga ciyawa gobe. In akwai tsaga, nuna masa da yatsanka, ka rage masa kuɗi, ya saya da saninsa ko ya bari. Don Allah ku cire masu kama da kakin soja daga kan igiya tun ranar da aka fasa dila.