Kafin a Ce Ƙwaƙwalwar Mota Ta Ƙone

A makon jiya wani dattijo ya kawo mini Corolla ƙirar 2005, ransa a ɓace. An jona mata sikana a wani gareji ta ƙi magana, nan take aka ce masa ƙwaƙwalwar motar ta ƙone, ya nemo kuɗin wata. Na durƙusa ƙarƙashin sitiyari na zura sikanata, ko fitilarta ba ta kama ba. Da na buɗe akwatin fis, sai ga gurbin da aka rubuta wa OBD fayau, wani ya taɓa zare fis ɗin ya toshe wani wurin da shi. Na sa sabo mai amfiya 7.5, na ce, "Baba, ga motarka tana magana."

Abin yana damuna, domin sau da yawa haka ake yi wa masu mota asara, kuma galibi gaggawa ce ke jawo shi.

Soket ɗin da ake zura sikana, mai ramuka 16, wanda Amurka ta wajabta tun 1996, kowane rami da aikinsa. Na 16 shi ke kawo wuta daga batir, na 4 da na 5 su ne as. Ka ɗora mita tsakanin 16 da 4, in ba ka ga wajen bolt 12 ba, to ka bar zargin sikana, ka koma kan fis. A wasu motocin fis ɗaya ne da na ramin cajin waya, shi ya sa caja mai arha kan ƙona shi. Ka kuma haska tocila cikin ramukan, domin yawan zura waya da gwaji yakan buɗe bakinsu har su daina kamawa.

In fitila ta kama, sai ka tambayi kanka: wace gada ce ta karye? Gada biyu ce, ɗaya daga wayarka zuwa sikana, ɗaya daga sikana zuwa mota. Ta farko ba ta da wuya. Lambar haɗa Bluetooth galibi 1234 ce ko 0000, kuma bayan haɗawa dole ka shiga manhajar, Torque ce ko Car Scanner, ka zaɓi na'urar da hannunka. iPhone ba ta karɓar tsohuwar sikana mai Bluetooth, sai mai WiFi ko mai sabon nau'in BLE. Mai WiFi kuwa, waya kan gudu daga gare ta don ba ta da intanet, sai ka kashe data. Sannan ka duba ko wayar yaronka na gareji ta riga ta kama ta, domin yawancinsu waya ɗaya suke ɗauka.

Gada ta biyu ce ke ba da wahala. Makulli ya kasance a kunne, fitilun dashbod duk sun kama. Daga nan sai batun yare. Motocin Amurka daga 2008 duk da CAN suke magana, ta rami na 6 da na 14. Ka cire kan batir ka auna tsakaninsu, lafiyayyen layi yana ba da kusan om 60. Tsofaffi da yawa ta rami na 7 suke bi. Ƙananan sikanonin ELM327 da suka cika kasuwa yawanci kwaikwayo ne, kuma akwai waɗanda tsohon yaren nan ba ya cikinsu sam. Sai ka ga sikana ta karanta sabuwar mota lafiya lau, ta zo kan tsohuwa ta yi shiru. Tokumbon Turai ma a lura da shekararta: dokarsu ta hau kan masu fetur a 2001, masu dizal sai daga baya.

Ni dai a garejina ba a furta wa mai mota maganar ƙwaƙwalwa sai an gwada sikanar a wata motar, an kuma gwada wata sikanar a tasa, an cire na'urar bin sawu in an ɗaura ta a kan layin. Baba ya biya kuɗin fis da na aiki, ya kama hanyar gida kafin la'asar.