Makwaikwayiyar Mita: Yadda Ake Gwada Na'ura a Cikin Kwamfuta

Gabatarwa

Masu amfani da mitar wuta ta kati a Nijeriya ba za su manta da shekarar 2024 ba, lokacin da aka umarce su da su shigar da wasu lambobi na musamman kafin ranar 24 ga Nuwamba, in ba haka ba mitar ta daina karɓar sabon kati. Dalili kuwa shi ne a wancan lokacin kowace lambar kati mai alƙaluma 20 tana ɗauke da ƙidayar mintocin da suka shige tun daga 1 ga Janairu, 1993, domin kada a yi amfani da kati ɗaya sau biyu. Gurbin ƙidayar ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216, wato kusan shekara 32. Da ya cika, sai lissafi ya koma sifiri, mita ta ɗauki sabon kati a matsayin tsoho.

To, ta yaya injiniya zai ga irin wannan matsala tun kafin ta auku, alhali ba zai zauna jiran shekara 32 ba?

Mece ce Makwaikwayiya?

A cikin kowace mita akwai 'yar ƙwaƙwalwa da aka dasa wa manhajar da ke tafiyar da ita. Makwaikwayiya wata manhaja ce da ke sa kwamfuta ta yi aiki tamkar ita ce mitar, har manhajar cikin ta kasa bambancewa. Ɗaliban ilimin halittu sun san irin wannan dabara. Thomas Hunt Morgan ya nazarci gadon halitta da ƙudan 'ya'yan itace, saboda cikin kimanin mako biyu ake samun sabuwar zuriya. Abin da zai ci shekaru sai a gan shi cikin watanni.

Yadda Ake Gina Ta

Da farko, ana kwaikwayon ƙwaƙwalwar. Manhajar QEMU, wadda Fabrice Bellard ɗan Faransa ya fitar a 2003, tana cikin waɗanda ake amfani da su.

Na biyu, ana ciyar da ita awon wuta na ƙarya. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma mai gwaji yana iya rubuta 150 ko 280, ya ga abin da manhajar za ta yi, ba tare da wani abu ya ƙone ba.

Na uku, ana kwaikwayon sadarwa. Mitoci da injinan sola da yawa suna magana ta ƙa'idar Modbus, wadda kamfanin Modicon ya fitar a 1979: na'ura ɗaya ta yi tambaya, ɗayar ta amsa, kuma a ƙarshen saƙo akwai lambar tantancewa. Mai gwaji yakan gurɓata saƙon da gangan, ko ya jinkirta amsa, ko ya katse shi a tsakiya. Manhaja mai kyau takan yi watsi da gurɓataccen saƙo, ba ta sandare ba.

Na huɗu, ana kwaikwayon agogo, wanda ake iya turawa gaba shekara 30 cikin daƙiƙa ɗaya.

Kammalawa

Sai dai makwaikwayiya ba ta san zafin bazara ko ƙurar hunturu ko tsawa ba. Abin da aka rubuta mata kaɗai ta sani. Kamar yadda ba a sakin magani don ya yi wa ɓera aiki sai an jarraba shi a jikin mutum, haka dole a kammala gwaji a kan mitar gaske.

Aikin Aji

A raba 16,777,216 da 1,440, wato mintocin kwana ɗaya, sannan a raba amsar da 365. Sabuwar ƙidayar ta fara daga 1 ga Janairu, 2014. A wace shekara za ta cika?