Yadda ake gano gabas ta ainihi da sanda da inuwa

Kowa ya tashi da sanin cewa rana daga gabas take fitowa, ta faɗi a yamma. Haka ne, amma ba wuri ɗaya take hudowa kullum ba. Wanda ya saba zama a ƙofar gida da sassafe zai lura cewa da hunturu tana ɓullowa ta bayan wani gini, da damina kuma ta koma can ta bayan wata bishiya. Sau biyu kacal a shekara take fitowa daidai gabas: wajen 20 ko 21 ga Maris, da 22 ko 23 ga Satumba. Don haka magini mai shata harsashin masallaci, ko baƙon da ya sauka inda bai sani ba yana neman alƙibla, bai kamata ya dogara da mahudar ranar wannan safiya kaɗai ba.

Dalilin kuwa ba shi da wuyar ganewa. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana kammala juyi ɗaya cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa. Mu da ke kanta sai mu ga kamar rana ce ke tafiya yamma, kamar yadda na cikin mota yake ganin itatuwa suna gudu baya. Shi ya sa da azumi mutanen Maiduguri suke shan ruwa kusan rabin awa kafin na Sakkwato, don sun fi su gabas da kusan digiri 8, kowane digiri kuwa minti 4 ne. Sa'an nan duniya ba a miƙe take ba, a karkace take da digiri 23 da rabi, kuma a haka take kewaya rana cikin shekara. Wannan karkata ce ke sa mahudar rana ta riƙa matsawa. A Kano, ranar 21 ga Yuni tana fitowa kusan digiri 24 arewa da gabas, ranar 21 ko 22 ga Disamba kuma ta koma kusan digiri 24 kudu da gabas. Mafaɗarta ma haka take yi a yamma.

To, ga yadda za ka fitar da gabas ɗin da ba ta matsawa.

Nemi fili shimfiɗaɗɗe wanda rana ke duka tun hantsi har la'asar, ka share shi. Samu sanda miƙaƙƙiya mai tsawon kamu biyu, da igiya, da tsakuwa biyu. Kafa sandar a tsakiya. A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci, don in sandar ta karkace ko da kaɗan, sakamakon ma zai karkace. Ɗaura dutse a bakin zare ka sake shi kusa da ita yadda magina ke yi, ka duba ta ɓangare biyu, sa'an nan ka daddale gindinta.

Da misalin ƙarfe tara ko goma na safe, dubi inda kan inuwar ya tsaya, ka ajiye tsakuwa ta farko. Ɗaura igiyar sako-sako a gindin sandar, ka auna ta zuwa tsakuwar, ka ja da'ira a ƙasa da wannan tsawon. Daga nan ka tafi harkokinka. Inuwar za ta yi ta gajarcewa har zawali, sa'an nan ta fara tsawo ta ɗaya gefen. Ka dawo da wuri bayan azahar ka tsaya a kanta, don lokacin da ake jira ba ya daɗewa. Da zarar kan inuwar ya sake taɓa da'irar, ajiye tsakuwa ta biyu. Ja layi tsakanin tsakuwoyin nan: ta safe ita ce yamma, ta bayan azahar ita ce gabas. In ka fuskanci gabas, arewa na hagunka, kudu na damanka.

Akwai gajeriyar hanya, wato a sa alama, a jira minti ashirin, a sake sa wata. Tana fitar da matafiyi daga ɓata, amma ban yarda a kafa gini a kanta ba.

Kada kuma ka ruɗu da abin da wasu littattafan Turai ke faɗa, cewa inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa. A can haka ne. A nan Kano kuwa, rana tana wucewa daidai bisa kanmu wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta, har sanda ta kusa rasa inuwa da tsakar rana. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar zawali kudu take faɗawa, sauran watanni kuma arewa. Zawalin ma ba ƙarfe sha biyu daidai yake ba. Agogon Nijeriya da Nijar an ɗora shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Kano kuwa tana kan 8 da rabi, saboda haka rana takan kai tsakiya ne tsakanin 12:10 da 12:40, gwargwadon wata. Dabarar da'ira ba ruwanta da duk wannan, shi ya sa na fi son ta.

Saura alƙibla. Daga ƙasar Hausa Makka ba gabas sak take ba, akwai ɗan karkata zuwa arewa: kusan digiri 22 a Kano, 19 a Sakkwato, 24 a Maiduguri. Mutumin Kano sai ya tsaya a kan layinsa, ya yi taku goma zuwa gabas, ya juya hagu ya yi taku huɗu zuwa arewa, ya kafa turke. Layin da ya haɗa inda ya fara da turken nan shi ne alƙiblarsa. Ka ga ke nan a watan Yuni mahudar rana tana dab da alƙibla, amma wanda ya bi ta a Disamba ya kauce da fiye da digiri 40. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga sahun da za a yi shekaru ana tsayuwa a kansa.

In kana son tabbatar da aikinka, akwai ranaku biyu da rana ke tsayawa daidai bisa Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya da Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Makka. Kada dai ka ƙura mata ido, tana lalata gani. Inuwar sandarka ta isa: tsaya a kan inuwar, ka fuskanci sandar. Watan Yuli damina ce, hadari kan rufe sama, don haka ka shirya sandarka tun kafin ta Mayu, ka kira yaran gida su riƙe maka igiya.