HAƘƘIN MAJINYACI A KAN MA'AIKACIN LAFIYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ko malamin asibiti ne kai a Rara, ko ɗan agaji, ko mai shagon magani a Rabah ko Wurno, wannan darasi naka ne. Ka san jarrabawar da yankinmu ya shiga. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka auka wa kasuwar Goronyo, aka rasa rayuka da dama. To, ran da aka sauke maka mutum jina-jina daga bayan babur, me ya rataya a wuyanka?

Na farko, ka ceci ransa kafin ka yi tambaya. Allah Ya nuna mana girman ladan raya rai guda cikin Suratul Ma'ida, aya ta 32. Sa'ad da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, Manzon Allah ya sa aka kai shi tantin Rufaida a masallaci domin jinya. Dokar ƙasa ma ba ta saɓa wa wannan ba. Dokar Lafiya ta 2014 ta hana ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya ƙi kuwa ana iya cin sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Wata doka ta 2017 ta wajabta wa asibiti ya yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, sa'an nan ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara aiki. Saboda haka cewa "sai kun kawo takarda" ba hujja ba ce nan duniya, balle gobe kiyama.

Na biyu, kada ka wuce iliminka. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. In abu ya fi ƙarfinka, tsai da jinin, ka tura shi babban asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kada kunyar cewa "ban sani ba" ta sa ka kashe ɗan mutane.

Na uku, ka tsare asirinsa. Abin da ka gani a jikinsa amana ce, ba labarin teburin mai shayi ba ne, ba kuma hoton WhatsApp ba. Doka ba ta yarda ka bayyana ba sai da dalili, kamar izininsa a rubuce, ko umurnin kotu, ko haɗari ga lafiyar jama'a.

Na huɗu, ka gaya masa gaskiyar ciwonsa da harshen da ya ke ji, ka nemi yardarsa kafin ka taɓa shi, ka rufe al'aurarsa, musamman in mace ce.

Ɗan'uwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, duk da nauyin mulki ya wallafa littattafai a kan magani. Ashe aikin nan ibada ne ga wanda ya gyara niyya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.