Inda Kuɗin Wuta Ya Ke Zurarewa a Gidajenmu

In aka ce "kuɗin wuta" a birni, takardar lantarki a ke nufi. Amma mu a Achilafiya da sauran garuruwan ƙasar Kazaure, kuɗin wutar da ya fi cin aljihun maigida shi ne wanda ke ƙonewa a ƙarƙashin tukunya safe da yamma. Gida ya kan yi kwana bakwai ba lantarki a haƙura, amma ba ya kwana ɗaya ba a hura murhu ba. Saboda haka a kan murhu zan yi magana, da fatan 'yan'uwana ɗalibai za su karanta wa iyayenmu mata in an je hutu.

Bari mu fara duba yadda aka yi itace ya yi tsada, alhali kuwa ba daga ƙasar waje a ke kawo shi ba. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da Naira 200 ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta haura Naira 1,000. A 2024 ɗin nan kilon iskar gas ya wuce Naira 1,000, kananzir kuma tun kafin nan ya fi ƙarfin talaka. A watan Afrilu na shekarar aka ƙara wa masu samun lantarki awa 20 a rana kuɗi, ya koma Naira 225 kowane ma'auni. To, mutanen birni da yawa sai suka jingine tukunyar gas da risho, suka koma gawayi da itace. Ga masu saye sun ƙaru, ga motar ɗauka ta ƙara kuɗi, ga daji ya yi nisa. Shi ya sa ɗaurin itace ya rame, kuɗinsa kuma ya yi ƙiba.

Farashin mai ba a hannunmu ya ke ba. Abin da ke hannunmu shi ne yawan itacen da mu ke turawa. A darasin kimiyya mun koyi cewa murhunmu na duwatsu uku ɗan abu kaɗan na zafin wutar ya ke kai wa tukunya, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Sauran duk iska ke kwashewa, balle da hunturu. Watau in maigida ya sayi ɗauri goma, abin da ya dafa tuwo bai kai biyu ba, sauran tsakar gida aka dafa da su. A ce gida yana ƙona itacen Naira 500 kullum. A shekara ya tashi Naira 182,500. In aka rage kashi ɗaya cikin uku kawai, an tsira da fiye da Naira 60,000, kuɗin da zai yi wa yara littattafai da kayan makaranta har a sami canji.

Maganin farko shi ne a yi wa wutar ɗaki. A kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi kamar za a yi gini, a bar shi ya kwana, sa'an nan a kewaye duwatsun nan uku da shi, a tayar da bangon har ya rufe rabin tukunya. A bar ƙofa guda ta sa itace, a bar kuma ɗan fili kamar kaurin yatsa tsakanin tukunya da bango don hayaƙi ya fita yana lasar cikinta. In filin ya yi yawa zafi ya gudu, in ya matse wuta ta shaƙe ta mutu. A bari ya bushe sarai kafin a hura. Wannan ba sabon abu ba ne a yankinmu, don tun wajen 2014 ƙungiyar Oxfam, da taimakon Tarayyar Turai, ta koyar da ginin murhu mai tsimin itace a maƙwabtanmu na Jihar Katsina, irin su Daura da Ɓaure da Zango da Sandamu. Mun gina irinsa a gidanmu da hutun bara. Inna ta yi ta dariya, ta ce wai mun yi wa tukunya rumbu, amma yanzu shi ta ke hurawa, tsohon kuwa sai ranar biki.

Na biyu dabarun girki ne, kuma a nan ne na ga an fi yin asara ba a sani ba. Ruwa in ya tafasa ba ya ƙara zafi, ko da an tura masa kurmi guda, ma'auninsa na zafi 100 ne ya tsaya. Don haka da zarar tukunya ta tafasa sai a janye itace a bar guda biyu, abinci zai nuna a lokaci ɗaya da na mai babbakar wuta. A rufe tukunya da murfi mai kama baki. A jiƙa wake tun da dare, da safe ba zai ɗauki lokacin da ya saba ba, musamman in an jefa 'yar kanwa. A faskara itace ƙanana a shanya, domin ɗanyen itace sai ya ƙone ruwan jikinsa tukuna kafin ya ba da zafi. Akwai kuma dabarar da ta fi ba ni mamaki. In shinkafa ko wake ya tafasa sosai, a sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwandon da aka cika da tsummoki ko ƙaiƙayi, a lulluɓe. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa dahuwar ba wuta ba hayaƙi. Hayaƙin nan ma ba abin rainawa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya jawo mutuwar mutum wajen miliyan 3.2.

Zancen fitila ba sai na daɗe ba. Ƙaramar fitila mai cin hasken rana sau ɗaya a ke sayenta, ta raba mutum da sayen batir kowace kasuwa, wasu ma har waya su ke cikawa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙona kashin shanu da kwashe kara kakaf daga gona. Gaskiya ne kyauta a ke samunsu, amma abincin gona ne, kuma bashi ne da za a biya da kaka in damin gero ya ragu.

A nan ne na ke roƙon iyayenmu maza su leƙa ƙetaren iyaka. Daga 1983, wani malamin gona mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoman Maraɗi a kan abin da su ke kira sassaben zamani. Kututturen kalgo da sabara da mu ke sarewa mu ƙone lokacin sharar gona, ashe saiwarsu da rai. Maimakon a tumɓuke, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, biyu ko uku, a datse sauran, a riƙa yi masa aski kowace shekara. Askin nan shi ne itacen girki. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya Nijar ta sami itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5. Wanda ya bi ta Babura ya shiga ƙasar Magarya zai ga gonaki cike da gawo, shi kuwa gawo da damina ya ke zubar da ganye, ba ya hana gero rana.

Wahalar abin ita ce awaki da masu gatarin dare. Mutum ɗaya ba ya iya tsare tohon gonarsa da rani sa'ad da dabbobi ke sake. A Nijar ma sai da manoma suka tabbata itacen da suka raina nasu ne, suka kuma yi wa juna doka, sa'an nan abin ya kama. Saboda haka maganar ta mai unguwa ce da dagaci, kuma lokacin tayar da ita shi ne kafin sharar gona ta bana, tun ba a sa wa kututturen wuta ba.