"An Tafasa Ganye": Ginin Jimlar Karɓau a Turancin Kimiyya

Gabatarwa

Tun daga ajin farko na ƙaramar sakandare har zuwa ɗakunan gwaje-gwaje na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da harshen Ingilishi ake koyar da kimiyya, da shi kuma ake amsa tambayoyin jarrabawar WAEC da ta NECO. Don haka ɗalibin da ya fahimci darasin ilimin halittu sarai yana iya yin asarar maki, saboda jimlar da ya rubuta ta faɗi akasin abin da ke zuciyarsa. A dubi waɗannan jimloli biyu:

Malaria is transmitted by mosquitoes.
Mosquitoes are transmitted by malaria.

Ta farko tana cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, wato gaskiyar da Ronald Ross ya share fagen tabbatar da ita a shekarar 1897, lokacin da ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a ƙasar Indiya. Ta biyu kuwa cewa take yi zazzaɓin ne ke yaɗa sauro. Ginin da ke cikin waɗannan jimloli shi Turawa ke kira passive voice, a wannan darasi kuwa za a kira shi jimlar karɓau.

Aikau da Karɓau

A nahawun Hausa, wanda ya yi aiki shi ne aikau, kalmar aikin ita ce aikatau, wanda aikin ya faɗa wa kuma shi ne karɓau. A jimlar "Akuya ta ci ciyawa", akuya ce aikau, ciyawa kuma karɓau. Turancin wannan shi ne The goat ate the grass, inda aikau ya zo a farko kamar yadda yake a Hausa. Amma Ingilishi yana da wata hanya, wadda ake ɗauko karɓau a ajiye shi a goshin jimla, a tura aikau ƙarshe ko a bar shi baki ɗaya: The grass was eaten by the goat, ko kuma The grass was eaten.

Ginshiƙan wannan gini biyu ne. Na farko shi ne aikatau mataimaki be, wanda yake sauya kama ya koma is, are, was, were, been ko being gwargwadon lokaci da adadi. Na biyu shi ne siga ta uku ta aikatau. Aikatau da yawa suna samun wannan siga ta hanyar ƙarin -ed, kamar boil, boiled, boiled, amma wasu sai an haddace su, irin su eat, ate, eaten, da take, took, taken, da grow, grew, grown, da cut, cut, cut. Idan ɗaya daga cikin ginshiƙan ya faɗi, jimlar ta rushe. Wanda ya rubuta The grass eaten bai gama magana ba, wanda kuma ya rubuta The grass was ate ya ɗauko siga ta biyu a gurbin ta uku.

Gadar da Hausa ta Tanada

Ɗalibi Bahaushe ya riga ya saba da manufar wannan gini tun yana goye, domin kullum yana jin "an share gida", "ana kiran salla", "za a rufe kasuwa", ba tare da an ambaci wanda ya yi aikin ba. Wannan "an" da 'yan'uwansa su ne gadar da za ta kai shi ga jimlar karɓau ta Ingilishi, ta fuskar lokaci:

An kafa jami'ar a 1975. The university was established in 1975.
An sauya mata suna a 1988. It was renamed in 1988.
Akan yi siminti a Kalambaina. Cement is made at Kalambaina.
Ana girbe albasa yanzu. The onions are being harvested now.
An riga an wanke kwalaben. The bottles have been washed.
Za a shuka irin gobe. The seeds will be planted tomorrow.
Dole a rufe kwalbar. The bottle must be covered.
Ba a ga wani canji ba. No change was observed.

Rahoton Gwaji

Inda ɗalibi ya fi bukatar wannan gini shi ne wajen rubuta rahoton gwajin da ya gudanar. Alal misali, gwajin gano sitaci a cikin ganye, wanda ke nuna cewa tsiro ya haɗa abincinsa da taimakon hasken rana. Ana tsoma ganyen a tafasasshen ruwa don a kashe ƙwayoyin halittarsa, sannan a dafa shi a cikin alkohol don a cire koren launinsa. Kasancewar alkohol na kama wuta da sauri, kwalbarsa ake sakawa a cikin ruwan zafi, ba a ɗora ta a kan wuta kai tsaye. Daga nan sai a ɗauraye ganyen don ya yi laushi, a ɗiga masa ruwan aidin. Ga yadda rahoton zai kasance:

A leaf was picked from a bean plant growing in sunlight.
It was dipped in boiling water for one minute.
It was boiled in alcohol in a water bath until the green colour was removed.
It was rinsed in warm water and spread on a white tile.
A few drops of iodine solution were added.
The leaf turned blue-black.

Abin da mai karanta rahoto ke son sani shi ne me aka yi wa ganyen, kuma da wane tsari, domin shi ma ya maimaita gwajin ya ga ko zai sami irin wannan sakamako. Ko wane ne ya riƙe kwalbar, ganyen da ke da sitaci zai rine ya koma shuɗi mai duhu. A lura kuma da jimlar ƙarshe. Ita ba jimlar karɓau ba ce, domin ganyen ne ya sauya launi, kuma jimlar ba ta nuna wani aiki da aka yi masa ba.

Inda Harsunan Biyu Suka Rabu

Gadar tana da amfani, sai dai akwai wurare huɗu da takan kayar da mai tafiya. Na farko, a Hausa karɓau yana zama a mazauninsa bayan aikatau, kuma "an" ba ya sauyawa: "an tafasa ganye", "an tafasa ganyaye". A Ingilishi kuwa karɓau ne ke jan ragamar jimlar, dole mataimaki ya dace da adadinsa: The leaf was boiled, amma The leaves were boiled. Wannan ne ya sa aka rubuta were added a rahoton da ya gabata, domin drops jam'i ne.

Na biyu, "an" yana shiga kowane irin aikatau, har da wanda ba ya ɗaukar karɓau, kamar "an zo" da "an tashi". Ingilishi bai yarda da haka ba, sai aikatau mai karɓau kaɗai ke shiga wannan gini. Kalmomi irin su die, occur, happen da disappear ba su da karɓau, saboda haka The plant was died kuskure ne, daidai shi ne The plant died. Haka kuma Germination occurred ake cewa, ba a saka masa was.

Na uku, "an" yana nuni ne ga aikin mutane, kuma ba ya barin a liƙa masa aikau a ƙarshe. Jimlar karɓau ta Ingilishi tana ɗaukar aikau kowane iri ta hanyar by, ko mutum ne, ko dabba, ko sashen tsiro. Water is absorbed by the roots a Hausa sai dai a ce "saiwa ce ke tsotsar ruwa". Penicillin was discovered by Alexander Fleming in 1928 kuwa ya zama "Alexander Fleming ne ya gano fenisilin a 1928". Duk inda Bahaushe ya ji "ne" ko "ce" na jaddada wanda ya yi aiki, to sau da yawa by ce za ta ɗauki wannan nauyi a Ingilishi.

Na huɗu, akwai bambanci tsakanin by da with. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna a kasuwannin duniya, majema kuma da 'ya'yan bagaruwa suke jeme ta. Idan ana nufin masu aikin sai a ce The skins are prepared by tanners, idan kuwa abin da aka yi aikin da shi ake nufi sai a ce The skins are tanned with acacia pods. Wato by na mai aiki ce, with kuma ta kayan aiki.

Kada a Wuce Gona da Iri

Ba kowace jimlar kimiyya ce ta cancanci wannan gini ba. Maƙalar da James Watson da Francis Crick suka buga a mujallar Nature a 1953, wadda ta bayyana sigar DNA, da kalmar we ta fara, kuma a yau mujallar kanta tana shawartar marubuta da su fifita jimlar da ke ambaton aikau. Goats eat grass ta fi Grass is eaten by goats sauƙi idan akuya ce abin magana. Ma'aunin shi ne, idan ba a san mai aikin ba, ko sanin sa bai ƙara komai ba, ko kuma karɓau ne ake bibiya daga jimla zuwa jimla kamar ganyen wake a rahoton gwaji, to jimlar karɓau ce ta dace.

Aikin Gwaji

Malami na iya ba ɗalibai waɗannan jimloli su mayar da su Ingilishi, su kuma nuna wadda ba ta karɓar ginin karɓau da dalilin haka:

1. An gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan kogin Rima.
2. Ana auna tsayin tsiron kowace safiya.
3. Ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin fure daga wani fure zuwa wani.
4. An yanka albasar da reza.
5. Kifayen sun mutu bayan kwana biyu.

Bayan an gama, yana da kyau kowane ɗalibi ya buɗe littafin da yake rubuta rahoton gwaje-gwajensa, ya ja layi a ƙarƙashin kowace was da were, ya duba ko siga ta uku ce ta biyo baya, ko adadin ya dace da karɓau, kuma ko aikatau ɗin yana ɗaukar karɓau tun asali.