Kada Ka Gwada wa Alƙalamin Kakanka Ƙarfi

Ɗana, an ce mini alƙalamin marigayi kakanka ya faɗo hannunka, ya ƙi shan tawada, har kana shirin kai shi Panteka a matse shi da filaya. Don Allah dakata. Maƙeran Panteka gwanaye ne, babu musu, amma hannun da ya saba da ƙarfe ya yi wa wannan abu nauyi.

Irinsa ne akawuna da malaman makaranta suke maƙalawa a aljihun gaba, zamanin da Kaduna take hedkwatar Jihar Arewa, kafin biro ya kore su. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Ko dai tawada ce ta bushe a ciki, ko robar ciki ta mutu, don zafin bazara da bushewar hunturu ba sa raga wa roba.

Fara duba yadda yake shan tawadar. In akwai ɗan siririn ƙarfe kwance a gefensa, irin da Walter Sheaffer ya yi wa rajista a Amurka a 1908 ke nan. Ƙarfen yana matse wata 'yar jakar roba a ciki, in an sake shi ta zuƙi tawada. Sa farce ka ɗaga shi a hankali. Da ka ji ya cije, tsaya nan. Jakar ce ta ƙandare, in ka girgiza ma wani lokaci za ka ji ɓaraguzanta suna ƙara. Ka ƙara ƙarfi kaɗan, sai ƙarfen ya karye ko jikin ya tsage, kuma tsagewa tana da wuyar magani. Wannan sai an zare wuyansa an kankare tsohuwar jakar, an sa sabuwa, an barbaɗa mata hoda mara ƙamshi. Wuyan kuwa da ɗumi ake lallashinsa, da na'urar busar da gashi, daga nesa, gwargwadon abin da yatsanka zai jure. Kada ka kusantar da shi ga kyandir ko murhu. Da yawa daga cikin tsofaffin nan, abin da aka yi jikinsu da shi yana kama wuta kafin ƙiftawar ido.

In kuwa gindinsa ake murɗawa, fistin ne a ciki, irin da kamfanin Pelikan na Jamus ya fito da shi a 1929. A nan tawada ce ta riƙe fistin ɗin. Samo kofin shayi, ka zuba ruwa mai tsabta mara zafi, ka ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka ɗigo ɗaya, ka tsayar da alƙalamin a ciki, bakinsa kaɗai ya nutse. Za ka ga shuɗi yana sulalowa daga tsinin kamar hayaƙi. Zubar ka sake sabo, safe da yamma. Kullum ka taɓa gindin da yatsu biyu kawai, in ya ƙi ka mayar da shi ruwa. Yakan ɗauki kwanaki, to me ake ci na sauri? Abin da ya yi shekara hamsin a akwati, mako guda ba zai dame shi ba. Ranar da ya motsa, ka shafa wa cikinsa man silikon ɗan kaɗan a kan tsinken sakace. Ban da basilin, ban da kananzir, ban da man keken ɗinki, ko da telolin Kasuwar Barci sun rantse maka da shi. Duk suna cin roba.

Na ce baki kaɗai, saboda wasu jikinsu baƙar roba ce mai tauri. Goga shi da babban yatsa ka sunsuna. In ka ji warin taya, ruwa zai dusashe baƙinsa ya koma ruwan ƙasa.

In Allah ya sa Parker 51 ne mai jakar da ake latsawa, wanda aka fara yi a 1948, ka yi sa'a. Jakarsa tana daɗewa ƙwarai, sau da yawa ɗauraya kaɗai yake bukata. Na 1941 mai 'yar sandar da ake dannawa a gindi kuwa, buɗe shi sai da makulli na musamman, kada ka taɓa.

Abin da ya fi kashe alƙaluman nan a garinmu shi ne tawadar allo. Tana da albarka a wurinta, amma akwai ƙaro a cikinta, in ya bushe sai ya toshe 'yan hanyoyin da tawada take bi, waɗanda ba su wuce kaurin gashi ba. Nemi ta kwalba da aka yi domin alƙalami, irin su Quink.

In ka yi duk wannan ya ƙi, nemi dattijon mai gyaran agogo, don shi ya san ɗan ƙaramin abu. Ka zauna a gabansa yana yi, kuma ka gaya masa tun farko kada sufa gulu ya taɓa shi. Ko kuwa ka kawo mini ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu duba shi tare.